WANE NE BAƘO? Shari'ar Shugaba Darman da darasin farko na sabon lauya

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, da kuma masu son karatu a tsanake.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata shari'a da aka yi a Maiduguri a 1980. Amma sai na fara da abin da ya sa na san ta, domin ni ba a aji na koye ta ba. Kunya ce ta koya mini ita.

Lokacin ina sabon lauya, watana 2 da fara aiki a wani ofishin lauyoyi a Dutse. Rigar kotu ko karin guga ba ta saki ba. Wata safiya wani dattijo ya shigo daga wani ƙauye na ƙasar Jahun, shi da ɗansa saurayi. Yaron ya gama sakandare, yana neman takardar indijin domin ya cike gurbin aiki. Ya je wani ofishi, wani ma'aikaci ya dube shi ya ce ai ubansa Badamagare ne, don haka shi ɗan Nijar ne, ya je can a ba shi. Dattijon bai musa ba. Ya ce lallai daga Damagaram ya zo ci-rani tun yana matashi, shekarun fari, ya sami gona, ya auri 'yar garin, ya zauna. Duk 'ya'yansa a ɗakin nan aka yanke musu cibiya. Sai ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, korar mu za a yi?"

Ni kuwa da rawar jiki na jawo dokar shige da fice, na shiga neman inda aka yi maganar izinin zama na baƙi. Har na fara lissafa wa yaron takardun da zai nema. Ogana yana daga kujerarsa yana ji. Bai ce komai ba sai da ya sa aka kai su waje aka ba su ruwa. Sannan ya ce, "Barista, rufe littafin nan. Wa ya ce maka yaron nan baƙo ne?"

Na ce, "Yallaɓai, ai ubansa..."

Ya ce, "Uwarsa fa? Ka tambaya?"

Wallahi ban tambaya ba. Ya miƙe ya zaro wani tsohon kundin rahoton shari'u, ya ajiye mini. Ya ce in karanta shari'ar Shugaba kafin la'asar, sannan in zo mu yi magana.

To ga abin da na karanta, da abin da na ƙara bincikowa daga baya.

Ranar 1 ga Oktoba 1979 soja suka miƙa mulki, Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya zama shugaban ƙasa. Amma jihar Borno ba ta bi NPN ba. Jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ce ta ci, Muhammadu Goni ya zama gwamna. A majalisar dokokin jihar kuwa, shugaban masu rinjaye shi ne Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, ɗan kasuwa, ɗan siyasa mai farin jini a Maiduguri, mai kaifin harshe a kan gwamnatin tarayya.

Ranar 24 ga Janairu 1980 jami'an shige da fice suka kama shi a Maiduguri, suka sa shi a mota, suka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi. Ku tuna a lokacin Chadi tana cikin yaƙin basasa. Hujjar da aka bayar ita ce wai shi ba ɗan Najeriya ba ne, ubansa mutumin Chadi ne, kuma zamansa barazana ne ga tsaro. Babu kotun da aka kai shi kafin a fitar da shi. Takardar umarnin kora ce kawai daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a ƙarƙashin dokar shige da fice ta 1963.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Ministan harkokin cikin gida na lokacin, wanda takardar ta fito daga ofishinsa, shi ne Alhaji Bello Maitama Yusuf, mutumin Gwaram. Lokacin babu Jigawa, duk muna cikin tsohuwar jihar Kano, sai 27 ga Agusta 1991 aka yanke mu. Shi ne daga baya ya zama sanatanmu na Jigawa ta Kudu maso Yamma daga 1999 zuwa 2007, mazaɓar da Jahun da Dutse da Kiyawa da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram suke ciki. Ya rasu a watan Oktoba 2023, Allah ya jiƙansa. Ban kawo sunansa don a ci zarafi ba. Matakin na gwamnati ne, shi ke riƙe da kujerar. Na kawo ne don mu san cewa shari'ar da lauyoyin Najeriya suka fi ambata a kan korar mutum daga ƙasa, da ɗan yankinmu a cikinta.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Jam'iyyun adawa suka ce wannan siyasa ce tsagwaronta, an cire wa GNPP ƙashin baya ne a majalisar Borno. Aka shigar da ƙara a Babbar Kotun jiha da ke Maiduguri, gaban Mai Shari'a Oye Adefila. Babban lauya Cif G.O.K. Ajayi ne ya tsaya wa Shugaba. Abin da ya taimaka shi ne kundin tsarin mulki na 1979 sabo ne fil, kuma an riga an fitar da ƙa'idojin da suka ba mutum damar zuwa kotu kai tsaye idan an taɓa haƙƙinsa na ɗan Adam. Shari'ar Shugaba tana cikin na farko-farko da suka gwada wannan hanya.

Labarin da ya fi yawo a bakin mutane game da shari'ar shi ne na uwaye biyu. Ana ba da labarin cewa ɓangaren gwamnati sun kawo wata mata daga Chadi tana cewa ita ta haife shi. Shi kuwa ya ce mahaifiyarsa tana nan da ranta a Maiduguri, tsohuwa, kowa ya san ta. Ku duba fa, shugaban masu rinjaye na majalisa guda, an wayi gari sai ya kawo shaidar wace ce uwarsa. In haka ta sami mai kujera, ina ga talaka mai gona ɗaya?

Me ya sa maganar uwa ta zama ita ce shari'ar? Saboda abin da sashe na 23 na kundin 1979 ya tanada. Ma'anarsa a taƙaice: duk wanda aka haifa a Najeriya kafin ranar samun 'yancin kai, in dai ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin Najeriya, kuma an haifi ɗaya daga cikinsu a ƙasar, to shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ku lura, ɗaya daga ciki aka ce. Uba ko uwa. Kaka na wajen uba ko na wajen uwa. Don haka ko da an yarda uban Shugaba daga Chadi ya fito, magana ba ta ƙare ba. In uwarsa 'yar Borno ce, shi ke nan.

Haka kuwa kotu ta samu. Ta yanke cewa Shugaba ɗan Najeriya ne, kuma sashe na 38 na kundin ya hana a kori ɗan ƙasa daga Najeriya ko a hana shi shigowa. Dokar shige da fice ta ba minista ikon korar baƙo, amma ba ta da hurumi a kan ɗan ƙasa ko kaɗan. Aka soke takardar korar, aka ce gwamnati ta biya shi diyyar naira 350,000, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, a 1982 kotun ɗaukaka ƙara ta bar maganar zamansa ɗan ƙasa yadda take. Shugaba ya ci gaba da zamansa a Maiduguri har Allah ya karɓi ransa a 2010.

Da la'asar na koma wajen Oga. Ya ce, "To me ka gano?" Na ce yaron ɗan ƙasa ne. Ya ce in nuna masa a kundin da muke aiki da shi yanzu, na 1999. Na buɗe sashe na 25: wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Sashe na 41 kuma shi ne magajin tsohon sashe na 38, ba a korar ɗan ƙasa. Ya ce saura maganar indijin. Ya nuna mini sashe na 318, inda aka fassara abin da ake nufi da mutum ɗan wata jiha ne, nan ma iyaye ko kakanni aka ce, ba a ware uba ba. A al'adarmu ɗa na uba ne, shi ya sa ma'aikacin can ya yi saurin yanke hukunci, ni ma na bi shi. Amma kundin ƙasa ya ƙirga dangin uwa.

Muka rubuta wasiƙa, muka haɗa da shaidar mai unguwa da ta dagaci cewa uwar yaron da iyayenta 'yan garin ne kaka da kakanni. Ba a je kotu ba. Bayan 'yan makonni yaron ya karɓi takardarsa.

Wani zai ce, to yaya lauya guda zai fita makaranta bai san wannan ba? Na san sashe na 25, mun yi shi a jami'a a darasin tsarin mulki, na ma ci jarrabawa. Abin da ban iya ba shi ne ganin sa a jikin mutum mai rai. Kuma tsarin horon namu bai taimaka ba. Makarantar horas da lauyoyi ta Najeriya an kafa ta da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a Janairu 1963 da ɗalibai 8 kacal. Yau hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa, ciki har da na Bagauda a jihar Kano inda yawancin 'yan yankinmu suke zuwa. Darussa 5 ake yi: shari'ar laifuka, shari'ar da ba ta laifi ba, harkar kamfanoni, harkar filaye da kadarori, sai ɗa'ar aiki. Shige da fice ba darasi ba ne mai zaman kansa. Inda ya fi leƙowa shi ne cikin harkar kamfanoni, wato yadda za ka samo wa baƙon da ya zo kafa kamfani izinin kasuwanci da gurbin ma'aikatan waje. Wannan ilimi ne mai amfani ga lauyan Legas. Lauyan Dutse kuwa, baƙonsa ba da jirgi yake zuwa ba. A bayan akori-kura yake zuwa, ko a ƙafa da sandarsa, kuma sau da yawa ɗan'uwansa ne.

Don a gane wannan sai an koma ga ita kanta iyakar. Layin da ya raba mu da Nijar Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sannan suka bi daji suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Kafin nan fatake suna tasowa daga Damagaram su biyo ta Gumel su shiga Kano, babu mai tambayar su fasfo. Layin ya ratsa gonaki da dangi da auratayya. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tsaya a kara, ka ce za ka ware ɗan Najeriya da ɗan Nijar da ido ko da harshe, ka ga ko za ka iya. Ita ma hukumar shige da fice ba tsohuwa ba ce can. A 1958 aka cire ta daga cikin 'yan sanda, a 1963 aka yi mata dokarta. Wannan doka ta 1963, wadda aka kori Shugaba da ita, ita ta yi ta aiki har 2015 kafin a maye gurbinta da sabuwa.

Kada kuma a ɗauka shari'ar Shugaba ta hana kora gaba ɗaya. Ɗan ƙasa ta kare. Baƙo na gaske labarinsa daban, kuma tarihi ya nuna yadda abin yake da ɗaci. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako 2 ya fice. Yarabawa da Hausawan zango da yawa suka dawo Najeriya, wasunsu a can aka haife su, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Shekara 13 da 'yan watanni bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. Kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, ga kuma tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 a Kano, wadda jagoranta Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, ta sa ana yi wa baƙi kallon tuhuma. Ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida na lokacin, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwar duk baƙon da ba shi da izini ya bar ƙasar cikin mako 2. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran akwai 'yan Nijar da Chadi da Togo da Benin da Kamaru. Jakar nan da muke zuba kayan sallah a ciki, Gana-mas-go, daga nan ta samo suna.

Za ku ce ina ECOWAS? Tana nan. An kafa ta a Legas a Mayu 1975, kuma a Mayu 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga. Sai dai abin da matakin farko na yarjejeniyar ya bayar shi ne shiga ba biza na kwana 90, ga wanda yake da takardar tafiya. In kwana 90 suka cika ba ka nemi ƙari ba, ka zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba. Ta wannan ƙofa aka bi a 1983. Har gobe mutanenmu da yawa suna ɗauka ECOWAS tana nufin ka shiga ka zauna yadda ka ga dama. Ba haka dokar take ba.

Wannan ya dawo da ni kan dattijon nan. Ɗansa ɗan ƙasa ne, shi fa? A nan na ga wani gurbi a kundinmu da har yau yake damuna. Sashe na 26 ya ce macen waje da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Amma namijin waje da ya auri 'yar Najeriya ba a ba shi wannan dama ba. Hanyarsa ita ce sashe na 27, ya nemi a ba shi zama ɗan ƙasa bayan zaman shekara 15, da sharuɗɗa masu yawa, kuma shugaban ƙasa ne ke amincewa. Manomin ƙauye da bai taɓa zuwa Abuja ba, ina zai fara? Abin da muka iya yi masa shi ne shawarar ya nemi katin zama na 'yan ECOWAS. Da na yi masa bayani sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, shekara 40 ina biyan haraji a garin nan, yau kuma ni ne baƙo." Ban sami amsar ba shi ba.

Kuma maganar ba ta tsufa ba. An rufe iyakokin tudu a Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe guda 4, Maigatari na ciki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barin su zirga-zirga har sai an sanar da wani abu daban. Wato dubban mutane irin dattijon nan, a Jigawa da Katsina da Sakkwato da Yobe, zamansu ya rataya ne a kan sanarwar da za a iya canzawa.

Don haka ƙannena da ke Bagauda yanzu, da waɗanda aka rantsar bana, ga abin da Oga ya koya mini, na ba ku kyauta. In mutum ya zo muku da matsalar shige da fice, kada ku fara da dokar shige da fice. Ku fara da tambayar ko shi baƙo ne ma tukuna. Ku tambayi inda aka haife shi da shekarar, ku tambayi uba, ku tambayi uwa, ku tambayi kakanni huɗu ɗaya bayan ɗaya. In ɗan ƙasa ne ta haihuwa, babu jami'in da ke da ikon fitar da shi, kuma sashe na 46 ya ba ku damar garzayawa Babbar Kotun da ke jihar. In baƙo ne, ku duba ta ina ya shigo, yaushe, da wace takarda, sannan ku gaya masa gaskiyar matsayinsa ko da ba ta yi masa daɗi ba. Baƙo ma yana da haƙƙin kada a wulaƙanta shi ko a tsare shi ba bisa doka ba. Sannan ku koyi neman shaida irin ta ƙauye, domin yawancin dattawanmu ba su da takardar haihuwa. Mai unguwa, dagaci, limamin da ya ɗaura auren iyaye, tsohuwar da ta yi wankan jego, duk shaidu ne. Shugaba ma da shaidar mutanen da suka san uwarsa ya dawo gida.

Ku kuma sauran masu bibiyarmu da ba lauyoyi ba, ku yi wa yaranku rajistar haihuwa a hukumar ƙidaya tun suna jarirai. Ku zauna da tsofaffinku ku rubuta sunayen kakanni da garuruwansu tun suna raye. Ranar da wani zai dube ka a bayan tebur ya ce kai ba ɗan nan ba ne, wannan 'yar takardar ita za ta yi maka magana.

Akwai wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi ko da wani nasa wajen neman indijin ko fasfo ko katin ɗan ƙasa? Ku ba mu labari a ƙasa, amma don Allah kada a kama sunan kowa. Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.